Krakow: Abin da ya kamata matafiyi ya sani kafin ya ziyarci tsohuwar fadar sarakunan Poland

Birnin Krakow, wanda mutanensa ke furta sunansa da “Krakuf”, yana kudancin ƙasar Poland ne a bakin kogin Vistula, kuma shi ne na biyu a girma bayan Warsaw, da mazauna kimanin 800,000. Ya shafe ƙarnoni yana matsayin fadar sarakunan ƙasar kafin Sarki Zygmunt na Uku ya fara mayar da mulki Warsaw a 1596. Abin da ya bambanta shi da wasu manyan biranen Poland shi ne Yaƙin Duniya na Biyu bai rushe shi ba. Warsaw sai da aka sake gina ta daga kango, amma gine-ginen tsakiyar Krakow su ne na asali. A 1978, lokacin da hukumar UNESCO ta fitar da jerinta na farko na wuraren tarihin duniya guda 12, tsohon garin Krakow da mahaƙar gishirin Wieliczka da ke kusa da shi duk suna ciki.

Da Larabci aka fara rubuta sunan birnin. Wajen shekarar 965 wani matafiyi Bayahude daga Andalus mai suna Ibrahim ibn Ya’ƙub ya ratsa tsakiyar Turai, ya ba da labarin fatake da ke zuwa Prague da hajarsu daga Krakow. Ainihin rubutunsa ya ɓata, amma malamin Andalus Al-Bakri ya kwafo shi cikin littafinsa Al-Masalik wal-Mamalik, wanda shi ne kuma littafin da masana ke dogara da shi wajen tarihin tsohuwar daular Ghana a Afirka ta Yamma. Ke nan tun da aka san garin, kasuwanci aka san shi da shi.

Takardu kafin tikiti

Poland ta shiga Tarayyar Turai a 2004, ta kuma shiga yankin Schengen a ƙarshen 2007, saboda haka ɗan Najeriya na buƙatar bizar Schengen ta gajeren zama, wadda ke ba da izinin kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Ƙa’idar ita ce a nemi bizar daga ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta. Wanda Poland ce maƙasudin tafiyarsa, ofishin jakadancinta da ke Abuja ne zai duba takardunsa. Kuɗin bizar babban mutum Yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, kuma ba a mayar da shi idan an hana. Ana iya shigar da buƙata tun wata 6 kafin tafiya. Doka ta ce a yanke hukunci cikin kwana 15, amma ana iya jan sa zuwa kwana 45, kuma samun ranar ganawar kansa na ɗaukar lokaci, don haka wanda ya bari sai saura mako uku ya sa kansa cikin wahala.

Dole fasfo ya kasance an bayar da shi cikin shekara 10 da suka gabata, yana da shafi biyu da ba a buga komai a kansu ba, kuma yana da sauran wata 3 aƙalla bayan ranar da za a baro Turai. Ana buƙatar inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, da shaidar masauki, da ta jirgin zuwa da dawowa. Sauran takardun duk amsa suke ga tambaya guda: shin mai neman zai dawo gida? Ma’aikacin gwamnati zai nuna takardar aikinsa, da ta izinin hutu, da shaidar albashi. Ɗan kasuwa zai nuna rajistar kamfaninsa, da takardar haraji, da bayanan asusun banki na watannin baya. Asusun da aka zuba wa kuɗi masu yawa kwana biyu kafin a buga bayanansa ya fi jawo zargi fiye da mai kuɗi kaɗan da ke shiga a kai a kai. Takardar otal ta bogi da wasu ’yan kanzagi ke haɗa wa mutane tana iya sa a hana biza, kuma hanin kan zauna a kundin da dukkan ƙasashen Schengen ke dubawa. Wannan bizar ba ta ba da izinin aiki.

Abu biyu ne suka fi kama matafiyi a tashar sauka. Wanda ke ɗauke da tsabar kuɗi da suka kai Yuro 10,000 ko kwatankwacinsu sai ya bayyana su ga jami’an kwastan. Sannan an haramta shiga Tarayyar Turai da nama ko madara da dangoginsu daga ƙasashen waje, don haka kilishi da dambun nama da man shanu su zauna a gida. Mai shan magani ya tafi da shi cikin kwalinsa, tare da takardar likita.

Hanya da lokacin zuwa

Babu jirgin da ke tashi daga Najeriya kai tsaye zuwa Krakow. Akan ya da zango a Frankfurt ko Amsterdam ko Istanbul. Filin jirgin birnin, wanda aka sa wa sunan Fafaroma John Paul na Biyu, yana Balice, kimanin kilomita 11 yamma da gari, kuma jirgin ƙasa na kai mutum babbar tasha, Krakow Glowny, cikin minti 20 ko makamancin haka. Daga tashar zuwa tsohon gari tafiyar ƙafa ce ta ’yan mintoci. Wanda ya sauka a Warsaw zai iya shiga jirgin ƙasa mai gudu ya iso cikin kusan awa biyu da rabi.

Mayu da Yuni da Satumba su ne watannin da suka fi dacewa. Yuli da Agusta akwai ɗumi, amma cunkoso da tsadar masauki sun fi yawa. Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyi kan sauka ƙasa da sifiri, a Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma, kuma rigar sanyin hunturunmu ba ta isa ba, sai babbar kwat da safar hannu da takalmi mai kauri. A wannan lokaci iskar garin kan yi nauyi da hayaƙi, ko da yake an samu sauƙi tun da aka hana ƙona kwal da itace a gidajen birnin a Satumban 2019. Mai asma ya yi la’akari da haka. Agogon Poland daidai yake da na Najeriya a lokacin sanyi, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba yana gaba da awa guda.

Dandalin kasuwa

Zuciyar garin ita ce Rynek Glowny, wato Babban Dandalin Kasuwa, fili mai kimanin mita 200 a kowane ɓangare. An shata shi a 1257, shekara 16 bayan mayaƙan Mongol sun ƙone garin a 1241, kuma titunan da aka ja daga gare shi a miƙe har yau ba su sauya ba. A tsakiyarsa akwai Sukiennice, doguwar rumfar ’yan yadi, inda fatake ke saukar da tufafi da kayan ƙamshi na gabas su ɗauki gishiri da darma. Bayan gobarar 1555 aka sake gina ta a siffar da take a yau. Har yanzu kasuwa ce, sai dai kayan tsaraba ake sayarwa: sassaƙen katako, kayan ɗinki, da duwatsun ado masu launin zuma na gaɓar tekun Baltik, waɗanda asalinsu ƙaron itace ne da ya daskare. Akwai jabun roba a cikinsu, don haka mai sayen mai tsada ya nemi takardar shaida. A ƙarƙashin dandalin akwai gidan tarihi da aka buɗe a 2010, inda ake ganin tsoffin rumfuna da ma’aunai da kuɗaɗen da aka tono a wurin. Ɗan kasuwa zai fi jin daɗinsa fiye da yawancin gidajen tarihin garin.

A kusurwar dandalin cocin Maryam yake, mai hasumiya biyu da tsayinsu bai zo ɗaya ba. Kowace awa, dare da rana, wani ma’aikacin kashe gobara kan busa ƙaho daga saman doguwar hasumiyar, sau huɗu, zuwa kusurwoyi huɗu, kuma busar kan katse ba zato ba tsammani. Labarin da ake ba baƙi shi ne kibiyar mahara ce ta samu mai gadi a maƙogwaro yana cikin gargaɗin gari. Tun 1927 gidan rediyon ƙasar ke watsa busar ta ƙarfe 12 na rana. A cikin cocin akwai babban sassaƙen katako da Veit Stoss ya yi tsakanin 1477 da 1489, wanda Jamusawa suka kwashe lokacin yaƙi aka dawo da shi daga baya.

An rushe yawancin ganuwar garin a farkon ƙarni na 19, aka mayar da gurbinta lambu mai suna Planty, wanda ya zagaye tsohon gari na tsawon kimanin kilomita 4. Abin da ya rage shi ne Ƙofar Florian da zagayayyen sansanin tsaro da ke gabanta. Kusa da nan gidan tarihin Czartoryski yake, mai ɗauke da zanen Leonardo da Vinci na wata mata riƙe da wata farar dabba mai kama da tunku. Gwamnatin Poland ta sayi dukkan tarin kayan gidan a 2016 kan Yuro miliyan 100.

Jami’ar Jagiellonian, wadda Sarki Kazimierz Mai Girma ya kafa a 1364, tana cikin tsofaffin jami’o’in Turai. A nan Copernicus, wanda ya nuna cewa duniya ce ke kewaya rana, ya yi karatu daga 1491. A ranar 6 ga Nuwamban 1939 Jamusawa suka gayyaci malamanta wai don sauraron lacca, suka kama fiye da 180 suka tura su sansanoni.

Tudun Wawel

Daga dandalin, titin Grodzka na kai mutum tudun Wawel cikin minti 10 zuwa 15. A nan fadar take, da babban cocin da aka riƙa naɗa sarakuna ana kuma binne su. Shiga harabar kyauta ne, amma kowane sashe na fadar da tikitinsa da lokacinsa, kuma a lokacin bazara tikitin kan ƙare da wuri, don haka a saya ta intanet tun kafin ranar. Ba sai an shiga duka ba. Ɗakunan sarauta sun cancanta saboda manyan saƙaƙƙun shimfiɗun bango da Sarki Zygmunt August ya sa aka saƙa masa a Brussels a ƙarni na 16, waɗanda aka tsere da su zuwa Kanada a lokacin yaƙi, ba su dawo ba sai 1961. Sashen kayan gabas na ɗauke da tantuna da tutoci da makaman Daular Usmaniyya, wasu daga cikinsu ganimar yaƙin Vienna ne na 1683, inda Sarki Jan Sobieski ya jagoranci rundunar da ta karya ƙawanyar Turkawa. Kabarinsa na cikin cocin, haka ma na shugaban ƙasa Lech Kaczynski da ya mutu a haɗarin jirgin sama a Smolensk a 2010. A hasumiyar cocin akwai Ƙararrawar Zygmunt, wadda aka zuba a 1520, nauyinta ya haura tan 10, kuma ba a kaɗa ta sai a manyan ranaku. Matakalar hawa ƙunci gare ta, ba ta dace da mai ciwon gwiwa ba.

A gindin tudun, bakin kogi, akwai gunkin ƙarfe na dodo mai fesa wuta kowane ’yan mintoci. Tatsuniyar ta ce wani baduku ne ya cusa wa fatar tunkiya farar wuta, dodon ya haɗiye, ƙishirwa ta sa ya yi ta shan ruwan kogin har ya fashe.

Kazimierz da abin da ya faru a hayin kogi

Kudu da Wawel unguwar Kazimierz take, wadda aka kafa a matsayin gari mai zaman kansa a 1335. Daga 1495 Yahudawan Krakow suka koma can, kuma kafin Yaƙin Duniya na Biyu sun kai kimanin 60,000, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen birnin. Wuraren ibadarsu da tsohuwar maƙabartarsu na nan, ko da yake unguwar yanzu ta zama ta gidajen abinci da na shan shayi. A Maris na 1941 ’yan Nazi suka tattara waɗanda suka rage suka killace su a Podgorze, hayin kogi, kuma a ranakun 13 da 14 ga Maris na 1943 suka kwashe su, wasu zuwa sansanin Plaszow, wasu zuwa mutuwa. Kujerun ƙarfe da babu kowa a kansu da aka jera a dandalin unguwar don tunawa da su ne. Nan kusa masana’antar Oskar Schindler take, Bajamushen da ya ceci Yahudawa kimanin 1,200 ta hanyar ɗaukar su aiki. Wanda ya je neman labarin fim ɗin 1993 zai tarar gidan tarihin ya fi mayar da hankali ga rayuwar garin baki ɗaya a ƙarƙashin mamaya, kuma hakan ya fi amfani.

Auschwitz da Wieliczka

Sansanin Auschwitz-Birkenau yana garin Oswiecim, kimanin kilomita 70 yamma da Krakow, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi a mota ko jirgin ƙasa. Mutum kimanin miliyan 1.1 aka kashe a wurin, kusan miliyan guda daga cikinsu Yahudawa ne, sauran ’yan Poland da ’yan ƙabilar Roma da fursunonin yaƙi na Tarayyar Sobiyet. Sojojin Sobiyet suka ’yantar da shi ranar 27 ga Janairun 1945. Sansani biyu ne da ke da tazarar kilomita 3, akwai motar da ke kai-komo tsakaninsu, kuma zagaye da jagora kan ɗauki kusan awa uku da rabi. Takardar shiga na ɗauke da sunan mai ita, ana duba ta da fasfo, kuma a watannin cunkoso sai an nema makonni kafin ranar a shafin gidan tarihin. Hukumar wurin ba ta ba da shawarar a je da yaran da ba su kai shekara 14 ba. Ba a shiga da babbar jaka, kuma akwai ɗakunan da aka hana ɗaukar hoto. Kamfanonin yawon buɗe ido na tallan haɗa Auschwitz da mahaƙar gishiri a yini guda. Ana iya yi, amma yinin kan yi tsawo ainun, kuma kaɗan ne ke fitowa daga Birkenau da sha’awar kallon wani abu.

Wieliczka kuwa kilomita 14 ce kawai daga gari. Tun ƙarni na 13 ake haƙar gishiri a can, ba a daina don kasuwa ba sai 1996, kuma a zamanin Kazimierz Mai Girma gishirin yankin ne ke samar da kusan sulusin kuɗin shigar masarauta. Mahaƙar ta kai zurfin mita 327, amma baƙi a mita 135 suke tsayawa. Hanyar na da matakala kusan 800, kuma kimanin 380 daga ciki a farkon shiga suke, ana gangarawa. Da lifta ake fitowa. Abin da ya fi jan hankali shi ne katafaren ɗakin ibada na Kinga, mita 101 a ƙarƙashin ƙasa, wanda masu haƙar da kansu suka sassaƙa daga gishiri, har da daɓensa.

Mai sauran lokaci zai iya leƙa Nowa Huta, unguwar da gwamnatin gurguzu ta fara ginawa a 1949 don ma’aikatan masana’antar ƙarfe, wadda babban dandalinta yanzu ke ɗauke da sunan Ronald Reagan. Kwana huɗu sun isa: biyu a cikin gari, ɗaya Auschwitz, ɗaya Wieliczka da sayayya.

Abinci da ibada

Naman alade ya mamaye girkin Poland, kuma yakan ɓuya inda ba a zata ba. Musulmi ya haddace kalmomi biyar: wieprzowina naman alade ne, smalec kitsensa, boczek da szynka yankakkunsa, kielbasa kuma tsiren hanji da yawanci da shi ake yi. Pierogi, ƙullin fulawa da ake cusa wa dankali da cuku, ba shi da nama, amma sau da yawa akan barbaɗa masa soyayyen kitsen alade, don haka a tambaya. Miyar zurek ma haka. Kifi ryba ne. Akwai gidajen abincin Turkawa da Larabawa da Indiyawa masu sayar da halal, sai dai ba kowane mai kebab ne ke da shi ba. Obwarzanek, zagayayyen burodin da ake sayarwa a ’yan amalanke masu gilashi a bakin titi, shi ne abinci mafi arha a garin.

Musulmin Krakow kaɗan ne, yawancinsu ɗalibai da ma’aikata baƙi, kuma suna da cibiyar da ake sallar Juma’a. Tsofaffin Musulmin ƙasar, ’yan ƙabilar Tatar da suka shafe ƙarnoni a yankin, suna can arewa maso gabas, inda masallatansu na katako suke a ƙauyukan Kruszyniany da Bohoniki, nesa da Krakow ƙwarai. Alƙibla kudu maso gabas take. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9 na dare, ta kuma fito kafin 5 na safe, don haka tazarar Isha’i da Asuba gajera ce.

Kuɗi, sufuri da dokokin titi

Poland ba ta amfani da Yuro. Kuɗinta zloty ne. Shagunan canji ana kiran su kantor, kuma na filin jirgi da na bakin dandali sun fi cuta, don haka a duba farashin saye da na sayarwa kafin a miƙa kuɗi. Kusan ko’ina ana karɓar kati, amma katin Naira ba abin dogaro ba ne a waje, gara na asusun Dala. Idan na’ura ta tambayi da wane kuɗi za a cire, a zaɓi zloty. Wanda ba mazaunin Tarayyar Turai ba ne na iya karɓar harajin kayan da ya saya idan sun kai zloty 200 a shago mai wannan tsari, matuƙar kwastan sun tabbatar da fitar kayan. Tun 2018 doka ta rufe manyan shaguna a yawancin ranakun Lahadi, ban da gidajen abinci da wasu ƙananan shaguna.

Tsohon gari da ƙafa ake zaga shi. Wajensa kuwa akwai bas da jirgin kan titi da suke kira tramwaj. Tikitinsu na lokaci ne, kuma na takarda sai an buga shi a na’urar da ke ciki da zarar an shiga, domin masu dubawa na cin tara nan take, rashin sani kuma ba uzuri ba ne. Uber da Bolt na aiki. Tsallaka titi a kan jar wuta laifi ne ko da babu mota. Garin na da kwanciyar hankali, amma da dare akan samu masu tare maza a kusa da dandali suna jan su zuwa gidajen rawa, inda aka sha yashe katunan baƙi. Soket ɗin wutarsu mai rami biyu zagayayyu ne, saɓanin namu mai uku, don haka a tafi da adafta. Lambar neman agajin gaggawa 112 ce.